Ige Tana Ɗakina, Gerona Ya Kusa Ƙarewa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Agaza wa Matan Karkara na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikatanka, har da masinjan ofishinka wanda yanzu ya san fuskata kamar ni na yaye shi. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a, yaya wannan tsuke bakin aljihu da ya kai har bakin tukunya? Allah shi ba mu wucewarsa lafiya, amin.

Ranka shi daɗe, ni ce Goggo Tumba mai daddawa, daga ƙauyen nan na bakin hanya tsakanin Boɗinga da Shagari. In sunan bai faɗo maka ba, tambayi gidanku. Ƙawar kakarka ce ni, Allah shi jiƙanta. Tare munka shiga ajin yaƙi da jahilci a zauren maigari, ita ta gudu tun ana baƙaƙe, ni na daure har na iya haɗa su. Saboda haka a al'ada kai mijina ne na wasa, mijin da bai taɓa saya mini ko ɗankwali ba. Kwantar da hankalinka, ba ɗankwali ya kawo ni ba yau. Na je ofishinka har takalmina ya gaji, na aika da baki ban ji amsa ba, shi ya sa na ce bari in bi ta jarida, ko a karanta maka a zaure gaban mutane.

Ga maganar a dunƙule tun kafin in warware ta. A ɗakina yanzu akwai wata matar aure. Zan kira ta Ige, ba sunanta ba ne. A nan kowa ya san ta, na sakaya ne don ɗan da ke bayanta, wata rana zai girma ya iya karatu. Hannunta na dama a ɗaure yake da karan ɗori. Mijin da ya karya shi yana zaune a gindin tsamiyar da ke kallon ƙofata. Geron da ke rumbuna ya kusa ƙarewa, ranar da ya ƙare kuwa, ba ni da abin da zan riƙe ta da shi. Za a mai da ta.

Na ɗaya. Bari in tuna maka abin da ka sani, ko boko ya sa ka manta.

Tun kafin a haifi gwamnati, mata suna da kotunsu a ƙauye, sunanta yaji. In miji ya wuce gona da iri, mace ta ɗauki mayafinta ta tafi gidansu, ko gidan wata dattijuwa da ake jin kunyarta. Ba a korar ta, ba a tambayar ta yaushe za ta koma. Ta zauna ta ci ta sha. Shi kuwa gogan naka ya kwana biyu yana bin gidajen abokai da ƙwarya, ya hura wuta hayaƙi ya cika masa ido, yara su yi ta leƙensa ta danga suna dariya. In ya ji jiki, sai ya nemo dattawa su zo biko da goro da zane da kai a sunkuye. Sai dangin mace su gyara zama su ce ai ba gaggawa. A zazzage masa laifinsa tas a gaban mutane, ya ɗauki alkawari, kana a ba shi matarsa. Ni kaina na yi yaji a zamanina, marigayi Malam, Allah shi gafarta masa, sai da ya koyi dama kunu kafin in koma, kuma har ya bar duniya bai sake ɗaga mini murya ba, sai dai tari.

To amma ranka shi daɗe, ƙarfin yaji a rumbu yake. Uban da ke da gero shi ke iya cewa ba gaggawa. Bana damina ta yi mana rowa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ciwo ya shiga shanu, samari sun watse cin rani tun ba a gama girbin abin da babu ba. Uban da ke auna tsaba da tafin hannu, in ɗiyarsa ta shigo da goyo, baki biyu yake gani kafin ya ga kumburin fuskarta. Yanzu tun ba a kwance ganyen goro ba ake karɓar biko. Mazan kuma sun gane. Wannan shi ne abin da ya lalace a ƙauyukanmu, ba kuma na jin an faɗa maka shi a ofis.

Na biyu. Abin da ya sami Ige.

Mijinta manomin albasa ne a fadama. Ruwan fadama ya janye da wuri, albasa ta tsumbure, wadda ta yi kuma ta ruɓe a rumfa. Na ji tausayinsa, har ga Allah. Sai dai maƙwabcin gonarsa ma haka tasa ta yi, matar maƙwabcin kuwa hannayenta biyu lafiya lau, jiya ma na gan ta tana sussuka.

Yajinta na farko, da leɓe a fashe ta je gidan ubanta. Tsoho ne mai mutunci, ba mugu ba, amma rumbunsa ɓera ma ya yi ƙaura. Ko juma'a ba ta zagayo ba ya sa anka raka ta. Na biyu, bayan ƙaramar salla, ta je da kunnen hagu yana zubar da ruwa. Har yau in za ka yi mata magana sai ka zagayo ta dama. Nan ma anka ce ta yi haƙuri, wai harshe da haƙori ma suna saɓawa. Na ce haka ne, amma ni dai shekaruna sun kai inda sunka kai, ban taɓa ganin haƙori ya karya wa harshe hannu ba.

Na ukun shi ne wanga. Ɗanta ya kwanta da zazzaɓi da gudawa, ta ɗauki kazarta, tata ta kanta, wadda gwaggonta ta ba ta, ta aika anka sayar ta sayi magani. Ya dawo daga fadama ya ƙirga kaji, ya ɗauki ƙotar fartanya. Ta tare kanta da hannu, hannun ya karɓa. Ba ta nufi gidan ubanta ba wannan karo, ta san amsar. Da rana tsaka mutane suna kallo, ta ratso gari ba mayafi, goyo a karkace don da hannu ɗaya ta ɗaura shi, ta faɗo zaurena ta riƙe ƙafata. Ina cikin tankaɗen kalwa. Na kira maɗori ya ɗora, na ba shi daddawa a madadin ladansa, ya karɓa yana gunaguni.

Me ya sa gidana? Don ba namiji a ciki da za a yi wa magana ta maza a shawo kansa, kuma bakina ya riga ya yi suna. Rabin mazan garin nan na san su tun suna yawo ba wando, in ɗayansu ya ɗaga mini murya sai in tuna masa a gaban jama'a. Matan da sunka kwana a ɗakin nan tun rasuwar Malam, in na ce zan lissafa sai in ɓata wa manya da yawa rai. Amma duk wannan lokacin da akwai gero ne. Baki ba ya cika ciki.

Na uku. Maigadin da Allah ya ba ni ban nema ba.

An zo biko, na ce a dawo in hannu ya warke. An sake zuwa, na ce hannu bai ji saƙon ba tukuna. Daga nan sai mijin ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a gindin tsamiya. Da safe yana nan. In ya je fadama ya dawo, nan yake sauka kafin gidansa. Ba ya zagi, ba ya jifa, zama kawai yake yi yana fiƙe sanda da wuƙa, idonsa a ƙofata. Ranar da Ige ta yi ƙarfin hali ta bi mata zuwa rijiya don ta sha iska, ya tashi ya bi su a baya, taku bisa taku, har sunka dawo. Tun ranar ba ta sake leƙa zaure ba. Ko akuya ta taɓa kyauren ƙofa sai ta zabura ta rungume ɗanta.

Na kai wa maigari kuka. Ya ce Goggo, tsamiya ba taki ba ce, ba tawa ba ce, ta Allah ce, da wane laifi zai tashi mutum daga inuwa? Na ce to in kura ta zauna a bakin garkenka tana hutawa, ka bar ta, ai ƙasar ma ta Allah ce. Ya yi dariya ya ba ni goro. Goron na ci, mutumin yana nan. Yanzun nan na ajiye alƙalami na leƙa ta kafar danga, yana nan.

Ya faɗa wa masu shayi, su kuma sunka faɗa wa duniya, cewa shi ba zai sake aiko kowa ba. Wai tsohuwa gero nawa gare ta? Ranar da turminta ya yi shiru, Ige da ƙafarta za ta fito. Ashe ba ƙofa kaɗai yake gadi ba, kunne yake kasawa yana sauraron daka, yana duban hayaƙin madafa. Da na ji haka na ce to, ɗan nema, ka haɗu da 'yar nema. Kullum da safe sai in zuba ƙaiƙayi a turmi in yi ta lugude har da waƙa, kamar mai shirin biki. Da yamma in tara karmami in yi hayaƙin da za a hango daga Kajiji. Abin da muke ci kuwa kunu ne tsararo sau ɗaya, da tafasa in an samu, ga mai shayarwa, ga ƙashi yana son haɗewa. Daddawar da nake sayarwa in sayi tsaba, mata sun koma sayen rabin ƙwallo, wasu ma gishiri kawai suke jefawa a miya.

Na san abin da na yi da na rubuta wannan. Shi ba ya karatu, amma ba a rasa mai karanta masa a teburin shayi. To ya ji. Kafaɗata ta gaji da dakan ƙaiƙayi, kuma na gwammace asirin rumbuna ya tonu a gabanka da ya tonu a gabansa ni kaɗai.

Na huɗu. Kuɗin da anka ce namu ne.

Ina wurin ranar da kunka buɗe kwamitinku a Boɗinga, ana gab da zaɓe. A mota anka kwaso mu, anka zaunar da mu a rana, maroƙa sunka yi ta wasa ka har na ce ashe jikan ƙawata ya zama mutum. Da bakinka ka ce gwamnati ta ware kuɗi don matan ƙauye da ake cuta, waɗanda ake duka da waɗanda ake tarewa a hanya, ka ce daga ranar ba macen da za ta sake kuka ba a ji ta ba. Na yi guɗa har muryata ta dushe. Rediyo ma ya maimaita. Yawan kuɗin ban riƙe ba, lambar ta fi ƙarfin ajinmu na zauren maigari.

Ga abin da idona ya gani daga baya. Na ga allo babba a bakin ofis, an zana mace tana dariya, haƙoranta sun fi nawa yawa. Na ga mota mai sunan kwamiti a jikinta, sau ɗaya a ƙofar gidan biki, sau ɗaya a kasuwar Dingyaɗi da raguna a baya. In ragunan ma mazansu ke dukansu, to ba ni da ta cewa. Na ga kekunan ɗinki a cikin akwatunansu an jera har rufi, masinja ya ce na koya wa mata sana'a ne, ana jiran ranar rabo. Sana'a abu ne mai kyau. Amma macen da hannunta ke cikin kara, da me za ta juya keke, kuma a ɗakin wa za ta ajiye shi?

Na sami Malamar da kunka ajiye don sauraron mata, yarinya mai hankali, ba zan ci amanarta ba. Ta zaunar da ni a kujera, ta saurare ni har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa. Ta ce tana so ta zo ta ga Ige, amma ba a ba ta mota, babur ɗin ofis ba mai, albashinta ma ya makale. Daga jakarta ta ciro kuɗin motar da na koma gida da shi. Sannan ta gaya mini dokar ofis, tana faɗa tana jin kunya: sai mai ƙara ta zo da kanta. Ranka shi daɗe, wa ya tsara wagga doka? Matan nan a kulle suke, ba sa fita sai da izinin miji. Wato Ige ta durƙusa ta ce, maigida, a ba ni izini da kuɗin mota zan je birni in kai ƙararka, in dawo kafin la'asar in ɗora tuwo. Wanda ya rubuta dokar nan ko dai bai taɓa aure ba, ko bai taɓa zuwa ƙauye ba.

Ban ce ka ci ba. Allah shi kiyaye bakina daga abin da ban gani ba. Wataƙila kuɗin a rediyo sunka tsaya, ba su iso hannunka ba, zamanin nan an ce ko malaman makaranta sai su yi wata da watanni ba albashi. In haka ne, fito ka faɗa, mu san cewa mu da kai duk marayu ne. Amma allo da mota da kekuna ba da addu'a anka saye su ba.

Na biyar, a taƙaice. Ba Ige kaɗai ba ce. Rijiyoyin kusa sun ƙafe, 'yan mata suna nisa neman ruwa da itace, akwai wadda anka tare a hanyar daji bana, anka ce a rufa asiri, asirin wanda ya tare ta anka rufa, ita ko ba ta sake fita ba. Ba zan ƙara ko kalma a kanta ba, uwarta ba ta ba ni izini ba. Na ambata ne don ka san tsofaffin ƙauye suna riƙe da abin da ofis bai taɓa ji ba.

Ga roƙona, ranka shi daɗe, ba kuma mai tsada ba ne.

A sayi gero. Ko da za a sayar da rabin kekunan nan ne, a sayi gero. A kowane ƙauye mata su zaɓi dattijuwar da sunka yarda da ita, a ajiye buhu a wurinta, liman da maigari su shaida, ya zama abincin duk macen da ta gudo da rauni, har a zauna a kan maganarta. Ba sai ni ba, in ana tsoron zan yi fura da shi. Ba sabon abu nake nema ku ƙirƙiro ba, ɗakunan suna nan, tsofaffin suna nan, mata sun san hanya. Abin zubawa a tukunya ne babu.

A ba Malama motar nan ko da ranakun kasuwa ne, ta riƙa zagayawa tana shiga gidaje, tunda ita mace ce ba mai hana ta. A kuma soke dokar sai mai ƙara ta zo da kanta. In tsohuwa ta kawo magana, a karɓa a biyo ta.

A kai Ige asibiti likita ya duba hannun da kunnen, ya ba da shaida a rubuce. An ce alƙali yana iya raba auren cuta ba tare da an mai da sadaki ba in akwai shaida. Sadakin dai a gidan ubanta ya daɗe da zama tuwo. In kuma ita ta zaɓi komawa bisa sharaɗi, bakinta ne zai faɗa, a ƙoshe, ba yunwa ta faɗa mata ba.

A aiko wanda ke da iko ya tashi mutumin nan daga gindin tsamiya, a kuma gaya masa a gaban hakimi cewa bin mace da zaman dako a ƙofarta laifi ne ko bai ɗaga hannu ba.

In ba a yi ko ɗaya ba, to ga abin da zan yi, ina faɗa tun yanzu don kada a ce tsohuwa ta yi ba-zata. Ba zan miƙa ta da hannuna ba. Ranar da na share gindin rumbu, zan jira motar 'yan kasuwa, matan unguwa sun yi mini alkawari za su sa ta a tsakiya har cikin mota, mu ga ko zai ratsa su. Ba ofis za mu nufa ba, ofis ana kulle shi da azahar. Gidanka za mu zo, na san ƙofar. Za ta faɗi a zaurenka ta riƙe ƙafarka kamar yadda ta riƙe tawa, ni kuma in shimfiɗa tabarmata a gefe. Ka san hukuncin wanda anka riƙe wa ƙafa a ƙasar nan. In ka kore ta, a gaban maƙwabtanka za ka kore ta, ba a bayan masinja ba.

Ba na fatan a kai can. Allah shi ja zamaninka, shi ƙara maka girma da lafiya, shi tsare ka daga sharrin masu zuga da masu guɗa irina. Allah shi raya maka ɗiyanka mata, shi ba su mazan da za su riƙe su da mutunci, kada shi nuna maka ranar da ɗayarsu za ta shigo maka da goyo a karkace. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi shiryi na gindin tsamiya in mai shiryuwa ne. In na yi kuskure a rubutu ko na zarce a magana, a yafe wa tsohuwa.

Abu ɗaya na ƙarshe, don wanda za a aiko. In an zo, a sa mace ta yi sallama. Ige ba ta amsawa in ta ji muryar namiji a zaure, ƙarƙashin gado take shigewa da ɗanta, da hannu ɗaya kuwa fito da ita aiki ne.

Wassalam, na bar ka lafiya.

Taka mai jiran amsa,
Goggo Tumba mai daddawa,
bakin hanyar Boɗinga zuwa Shagari.